Mun iya cin kyauta, ba mu iya sa hannu ba

Malamai ƴan uwana, da ku iyaye, mu faɗa wa kanmu gaskiya. LibreOffice da ake buga takardun jarrabawa da ita, ko dala ba a biya ba. Amma da zarar ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, sai zagi: "Kayan banza!"

In ta faɗi, takan nemi izinin aika rahoto. Rahoton na'ura yana nuna inda ta yi tuntuɓe, ba ya faɗin abin da mutum yake yi a lokacin. Dole wani ya zauna ya tantance: wannan maimaici ne, wannan yana cinye aikin jama'a a fara da shi, wancan ya jira. Gidauniyar da ke riƙe da manhajar tana Barlin, kuma ƴan sa-kai ne ke ɗauke da babban kaso na tantancewar. Koken da aka shigar a Bugzilla yana nan jibge har wani ya gwada ya ga matsalar da idonsa. Wanda aka nemi ƙarin bayani a kansa, mai shi ya yi shiru fiye da wata 6, rufe shi ake yi.

Duk malamin da ya kwana kan tulin kaye ya san nauyin nan.

Kada wani ya ce mu ba injiniyoyi ba ne. Ɗan lise mai ɗan Ingilishi zai iya maimaita kuskure, ya rubuta matakansa bi da bi. Ba abin da muke koyarwa a darasin kimiyya ke nan ba? Lakwal mai ɗakin kwamfuta da intanet ta ware awa guda a wata don wannan aiki. Iyaye, ku tambayi darakta.