Zuwa Kallon Biri: Riba Ko Ɓarna?

Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum. Ko da yake a kan yi wannan magana ne idan zargi ya doshi gaskiya, masana halittu sun tabbatar da ita a zahirinta, domin babu wata dabba da ta kusanci ɗan Adam a jini da jijiya kamar cimfanzi da gorila. Wannan kusanci shi ke jawo mutane daga nesa su zo kallonsu a dawa, shi ne kuma ke jefa dabbobin cikin haɗari. Saboda haka ya kamata a tsaya a duba ko irin wannan yawon buɗe ido yana raya birai ne ko kuwa yana ƙarar da su.

Abin da ya faru a duwatsun Birunga, inda iyakokin Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗu, ya isa misali. A shekarar 1981 gorilolin da suka rage a can ba su fi kimanin 250 ba, saboda farauta da saran daji. Ƙidayar 2018 kuwa ta nuna cewa gorilolin tsaunuka, idan aka haɗa da na dajin Bwindi na Yuganda, sun kai 1,063. Kuɗin baƙi na daga cikin abin da ya kawo wannan ƙaruwa. A 2017 Ruwanda ta mayar da kuɗin takardar izinin ganin gorila dala 1,500, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajinta domin gina makarantu da asibitoci da samar da ruwan sha ga ƙauyukan da ke gefe. Manomin da ya ga ɗansa a ajin da kuɗin gorila ya gina, da wuya ya ɗana mata tarko.

Amma fa ba kuɗi kaɗai ya yi wannan aiki ba, har da doka. Baƙi takwas ne kawai ake bari su ziyarci garke ɗaya a rana, ba sa wuce sa'a guda, ba sa matsawa kusa, mai mura ko tari kuwa ba ya shiga. Dalili kuwa shi ne cutar da mutum zai kwana biyu ya warke tana iya kashe gorila. A 2009 goriloli biyu sun mutu a Ruwanda lokacin ɓarkewar wata cutar numfashi, aka kuma sami ƙwayar cutar mutane a jikinsu.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen wannan arziki. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa, ya fi murabba'in kilomita 6,000, kuma yana ɗaya daga cikin manyan mafakar cimfanzin da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. A duwatsun Kuros Riba da makwabtansu na Kamaru akwai wani jinsin gorila da bai wuce kimanin 300 ba a duk duniya. A Yankari kuwa, wanda ya je wankan ruwan ɗumi na Wikki ya san yadda bika ke fisge abinci daga hannun mutane. Laifin ba na bika ba ne, na baƙin da suka saba masa da miƙo ne, har ya daina tsoron mutum.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan talaka da biri, alhali shi ne ke karya masa masara. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk tsarin da ya yi watsi da shi ba zai yi ƙarko ba. Idan ribar daji ta tsaya a aljihun hukuma, ɓarnar kuma ta tsaya a gonar manomi, to manomi zai ɗauki bindigarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: hukumar da ta karɓi kuɗin baƙi, wajibinta ne ta ba makwabtan daji kasonsu, ta ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da jagora.

Shi ma matafiyi akwai nasa nauyin. Ya shiga ta ƙofa da takardar izini, ya bi jagoran da hukuma ta sani, kada ya ba biri abinci, kada ya sayi naman daji. Kada kuma ya sayi ɗan biri a bakin hanya ko da don tausayi, domin sau da yawa sai an kashe uwar kafin a raba ta da ɗanta, kuma kowane ciniki yana sake tura maharbi dawa. Wanda ba zai iya kiyaye waɗannan ba, zamansa a gida ya fi wa birai alheri.