Shata Ta Fi Saye ga Malamin da Ya Ajiye Alli

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da masu ritaya suka riƙa. Idan mutum ya ajiye aiki, sai ya yi hayar wata babbar mota wadda aka ƙera kamar ɗaki, da gado da murhu da makewayi a cikinta, ya ɗauki iyalinsa su yi makonni suna zaga ƙasa. Masu hankali a cikinsu ba sa fara saye. Haya suke yi tukuna, su gwada ƙarfinsu da na aljihunsu. Wannan dabara ce nake so 'yan uwa malamai na reshen Bunkure su duba, ko da yake motar kanta ba ta dace da mu ba.

Ba ta dace ba domin a can an tanadi matsaya ta musamman mai ruwa da lantarki da masu gadi. Mu kuwa, babu mai hankalin da zai kwana da iyalinsa a gefen titi a halin da tsaro yake ciki. Amma buƙatar da ta haifi al'adar muna da ita. Malami ya shekara talatin da biyar yana zana rijiyar Kusugu a allo, yana faɗa wa yara labarin hasumiyar Gobarau da giwayen Yankari, alhali bai taɓa sa su a ido ba. Kai, akwai wanda ruwan Tiga ke ratsa gonarsa kowace safiya, amma bai taɓa tsayawa a kan madatsar da aka kammala a 1974 ba, ga ta nan kusa a ƙasar Bebeji.

Abin da muka saba gani shi ne, da zarar garatuti ya fito bayan doguwar jira, sai a nufi dillalan mota. A sayi tsohuwa, a ce da ita za a yi zumunci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, irin waɗannan motoci sun fi daɗewa a ƙarƙashin darbejiya fiye da kan kwalta. Yau taya, gobe batir, jibi bakanike, ga sabunta takardu kowace shekara, duk daga fanshon da bai isa cefane ba. Garatuti sau ɗaya ake biyansa. Wanda ya zuba shi a injin ban-ruwa ko ya ƙara fili a yankin Kadawa zai ga shinkafa da damina, ya ga alkama da tumatir da rani. Mota kuwa ci take yi ba ta haihuwa.

Shawarata ita ce reshe ya ɗauki nauyin shirya tafiya sau ɗaya a shekara domin waɗanda suka yi ritaya da matansu, ta hanyar ɗaukar shatar bas. Ba kuɗin ƙungiya nake nufi a kashe ba. A kafa adashe, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa wata-wata, tun yana shekararsa ta ƙarshe a aiki. Aikin reshe shi ne ya nemo mota mai lafiya daga tasha sananniya, a yi yarjejeniya a rubuce: wa zai sha mai, wa zai ciyar da direba, wa zai yi gyara idan ta lalace a hanya. Kada a bar wannan ga fatar baki, nan ne yawancin shata ke watsewa. Masauki kuma ba zai gagara ba, tunda babu ƙaramar hukumar da ba ta da reshen NUT. Wasiƙa ɗaya daga sakatare ta isa a shirya tarba.

Tafiyar farko kada a zurfafa. A bi ta Kazaure a kwana Daura, a wuce Katsina, a dawo gida cikin kwana uku, kuma da rana kaɗai za a yi tuƙi. Yankari, da ruwan ɗuminsa na Wikki, sai a bari sai an goge, domin hanyar Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi tana da tsawo ga mai ciwon baya ko hawan jini.

Na san za a ce wanda haƙƙinsa bai fito ba ina shi ina yawon buɗe ido, wani kuma ya ce kujerar Makka ce a gabansa. Duka gaskiya ne, kuma babu mai cewa a sassauta neman haƙƙi ko a taɓa ajiyar Hajji. Amma kuɗin kujera ɗaya a bas mai ɗaukar mutum goma sha takwas bai kai na taya biyu ba. Damuwar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta lokaci, domin malamin Bunkure manomi ne, ba zai bar tumatir ya nuna a gona ana jiransa a Kwanar Gafan ya tafi kallon rijiya ba. Saboda haka a tsayar da ranar bayan an kwashe shinkafar damina, kafin aikin rani ya kankama, kuma a sa maganar a ajandar taron reshe mai zuwa.