Kambas Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

A Amurka akwai mutanen da sukan tara takalman kambas kamar yadda makiyayi ke tara shanu. Tun da kamfanin Nike ya fito da Air Jordan a 1985, wasu sukan saya su jera cikin kwali, ba su taɓa taka ƙasa da su ba. Abin dariya, ƙasan irin waɗannan takalma yakan rube ko da ba a sa shi ba. Samarinmu ma sun kama hanya: a kasuwar Maradi ko Damagaram za ka ga yaro ya tsuguna gaban tulin gwanjo yana neman Adidas ta uku.

Ni damuwata ba yaron ba ce, ubansa ne. Shi da ya ba shekara 45 baya, yana tafiya gona da kasuwa cikin silifa da ta cinye har diddige na shan ƙasa. In ka ce masa ya sa kambas, sai ya ce, "Haba, da furfurata?" Ina ganin wannan kunya ba ta da amfani, tana ma jawo hasara.

Ɗan'uwa, ƙafa tana tsufa. Ƙasusuwa 26 ne a kowace ƙafa, da jijiyoyin da ke riƙe da su. Da shekaru jijiyoyin sukan saki, tafin ƙafa ya baje, kitsen da ke ƙarƙashin diddige ya ragu. Shi ya sa lambar da kake sawa kana saurayi takan matse ka yanzu. Mai ciwon sukari kuwa abin ya fi tsanani, domin cutar tana kashe jin ƙafa a hankali. Ƙaya ta soke shi bai sani ba, sai matarsa ta ga jini a tabarma. Mun sha ganin haka a ɗakin wankin miki: ɗan faso ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke yatsa, wani lokaci har ƙafa. Wanda ya warke daga kuturta ma jin ƙafarsa ba lalle ya dawo ba.

Na san abin da za a ce: zafi, da kuɗi. Gaskiya ne, cikin bazara sau-ciki yana sa gumi. To, a nemi mai yadi mai shan iska, a sa safar auduga, a wanke ta kullum, a share tsakanin yatsu bayan wanka ko alwala. Kuɗi kuma, ka lissafa silifa nawa ka saya bara, ka haɗa da kuɗin mota zuwa asibiti da kwanakin da gona za ta zauna ba kowa.

Ba tari nake cewa ka yi ba. Guda ɗaya mai kyau ya isa, biyu in da hali, don ɗaya ya bushe. Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ka gwada duka biyun a tsaye, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. In na gwanjo ne, duba ƙasansa: wanda ya cinye gefe ɗaya ya riga ya ɗauki tafiyar wani, ka bar shi. Kada mai sayarwa ya ce maka zai saki in ya kwana biyu.

Kowace safiya ka zazzage shi, saboda kunama, sannan ka sa hannu ciki ka laluba ko akwai tsakuwa ko ƙusa. Da babbar riga ma yana shiga, in ka zaɓi baƙi ko ruwan ƙasa marar ado.