Marubucin da Bai Iya Karanta Riga Ba

Maƙalar wannan mako za ta sosa wa wasu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku ɗauko labarai goma daga cikin waɗanda ake turowa a WhatsApp da Wattpad, ku nemo wurin da aka shigo da basarake ko attajiri. Za ku tarar marubuci ya san sunan motarsa, ya san turarensa, ya san agogon hannunsa har da kuɗin da aka saye shi a Dubai. Da an zo kan riga sai alƙalami ya mutu: "ya sha babbar riga ta alfarma." Shi ke nan. Wace riga? Saƙi ce ko tsamiya? Aska biyu ce ko aska takwas? Aikin hannu ne ko na inji? Gado ya yi ko sarki ne ya ba shi ranar naɗi? Shiru. Mu kuwa muna cewa wannan nakasu ne babba, domin a ƙasar Hausa riga magana take yi, kuma wanda bai iya jin maganarta ba ya bar rabin labarinsa a ƙasa.

Bari mu fara da misali daga nesa, sannan mu dawo gida. A ƙasar Faransa ta da, manyan gidaje kan sa a saƙa musu dardumar bango da ulu da siliki, a saƙa tambarin gidan a jikinta, yadda duk baƙon da ya shiga zaure zai san gaban wa yake tsaye. Sana'ar ta yi girman da a 1662, zamanin Sarki Louis na 14, gwamnati ta kafa masaƙar Gobelins a birnin Paris. Daga cikin mafi shahara akwai wasu dardumomi shida da aka saƙa wajen shekarar 1500, masu hoton wata mace tsakanin zaki da wata dabbar tatsuniya, farin doki mai ƙaho ɗaya. A jikin tutocin da dabbobin ke riƙe da su akwai jinjirin wata uku a kan shuɗin layi cikin jan fili, tambarin gidan Le Viste, wasu masana shari'a 'yan asalin Lyon.

Ga inda abin ya shafe mu. Bayan ƙarni uku dardumomin nan suna rataye a wani tsohon gida a ƙaramin garin Boussac, danshi da ɓeraye suna cin gindinsu. An manta masu su, har mutane suka ƙaga labarin cewa wani yariman Turkiyya da aka taɓa tsarewa a yankin ne ya sa aka yi su, don kawai sun ga jinjirin wata. Waɗanda suka ɗaga murya marubuta ne. Prosper Mérimée, marubucin labarai kuma jami'in duba kayan tarihi, ya gan su a 1841 ya rubuta wa hukuma. Marubuciya George Sand ta kwatanta su a rubuce-rubucenta har jama'a suka san da zamansu. A 1882 gidan tarihi na Cluny ya saye su, suna can Paris har yau. Darasi biyu ke nan: abin da ba a rubuta ba ɓera ke gadonsa, kuma inda sani ya ƙare ƙirƙira ke maye gurbinsa.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin suna da irinta. A fadar Abomey kowane sarkin Dahomey yana da alamarsa, ana yanka ƙyallaye masu launi a ɗinka su a kan babban zane: Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, yana da ɓauna, ɗansa Glele yana da zaki, Behanzin yana da kifin nan na teku mai cin mutane. Sojojin Faransa ƙarƙashin Dodds sun ci Abomey a 1892 suka kwashi kayan fada. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta mayar wa Benin guda 26. Sun iya neman kayansu ne saboda sun san sunan kowanne da sarkin da yake nasa. Wanda bai san kamannin akuyarsa ba, ba ya cigiyarta a kasuwa.

Yanzu mu hauro arewa, inda Benin ta haɗa kafaɗa da Jihar Kebbi, wato ƙaramar hukumar Bagudo. In aka ambaci Lolo ko Tsamiya ko Illo, abin da ke zuwa bakin mutane shi ne shinkafa da kwastan da rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019. To amma Illo tsohon gari ne, ɗaya daga cikin manyan masarautun Bargu tare da Bussa da Nikki. A da, ta wannan yanki fataken Hausa ke ƙetare Kwara da tufafi da kanwa su nufi Gwanja, su dawo da goro. A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tsere zuwa Nikki, sannan yarjejeniyar Paris ta 1898 ta tsaga Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Bussa suka faɗa hannun Ingila, daga baya aka sa Illo ƙarƙashin Gwandu. Har gobe ana bikin Gani a Nikki a watan Mauludi, da kakaki da mahaya da dawakai cikin ado. Wuri ne da Hausawa da Dandawa da Kyangawa da Fulani da Zabarmawa suka cuɗanya, kowa da irin shigarsa. Labari nawa muka gani daga wannan yanki da ya kwatanta jalalar dokin hakimi ɗaya? Shaddar Getzner da ake yi a Ostiriya kuwa, wadda ake saukewa a Kwatano, kowane littafi ya san ta da suna.

Gaskiya ne aikin rigarmu bai zama tambarin gida ɗaya ba kamar na Faransawa. Aska takwas ba mallakin wata zuriya ba ce. Abin da take faɗi shi ne matsayi da arziki da alaƙa. Sarki kan ba da riga da rawani da alkyabba ranar naɗi, don haka tsohuwar rigar da ke cikin adaka a gidan hakimi ko dagaci shaida ce ta wa ya naɗa wa. A Kano rawani mai kunne biyu yana nuna jinin sarauta, tagwayen masu da takalmin gashin jimina na sarki ne. Zaren tsamiya silikin daji ne na tsutsar da ke cin ganyen itace, alharini kuwa jan siliki ne da a da ayari ke tsallako Sahara da shi. Duk wanda ya sa rigar da aka yi wa shafi da alharini a ƙarni na 19 ya gaya wa gari cewa kuɗinsa sun kai Tarabulus ba tare da ya buɗe baki ba.

Mun san abin da za a ce. Na farko: masu karatu soyayya suke so, ba darasin tarihi ba. Wa ya ce a yi darasi? Jimla ɗaya ta isa. Saurayi ya zo gaisuwar surukai da rigar kakansa, aikin wuyan ya sha jiki, aljihun ya sha faci, uwar yarinya ta kalli facin, uban ya kalli askar. A nan mai karatu ya riga ya san gidan ya taɓa arziki ya karye, ya kuma san inda rigimar auren za ta ɓullo. Shafi uku na lissafin motoci ba zai yi wannan aikin ba.

Na biyu: wai wannan bambaɗanci ne ga sarauta. Mu duba riga ɗaya mu ƙirga hannayen da ke cikinta. Manomin auduga, matar da ta yi kaɗi da mazari, masaƙin da ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, marinin da ya tsoma a karofi, mabugin da ya fito da sheƙi, malamin da ya zana aikin, almajirin da ya yi watanni yana soka allura. A zamanin da, bayi suna cikin waɗannan hannaye. Mai son rubuta zaluncin mulki ba shi da hujjar da ta fi wannan riga. Mutanen Benin suna adana ɓaunar Gezo alhali sun san ya yi cinikin bayi. Faransawa kuwa sun soke tamburan gidajen sarauta a 1790, a 1797 gwamnatinsu ta ƙone dardumomin fada don ta tace zinariya da azurfar da ke cikin zaren. Kuɗin sun ƙare tuntuni, aikin masaƙan kuma bai dawo ba.

Na uku: wai ba a samun bayanin. Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafinta ke kaiwa har Tumbuktu. David Heathcote ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 yana nazarin ɗinkin hannun Hausawa. Su baƙi ne, suka rubuta da harshensu don mutanensu. Mu da harshen yake namu, tsofaffin maɗinka suna zaune a bakin kasuwanninmu, gidan tarihi na Kanta yana Argungu, uzurin me za mu kawo? Abin da ke gudu shi ne lokaci. Injin aiki ya kori allura, matasa sun bar sana'ar, dillalan kayan da suna bin ƙauyuka suna saye da arha. Duk tsohon da ya rasu yana tafiya da sunaye ashirin da babu su a ƙamus.

Don haka aikin wannan mako ga shi. Kowa ya nemi tsohuwar riga ko jalala ko zane saƙi a gidansu ko a unguwarsu. Ya zauna da dattijon da ya san ta, ya tambayi sunan yadin, da sunan kowane aiki da ke jikinta, da wanda ya ɗinka, da yadda ta shigo gidan. Abin da dattijo bai sani ba a bar shi haka, kada a ƙaga masa yariman Turkiyya. Sannan a rubuta sakin layi ɗaya na labari wanda rigar za ta gaya mana ko wane ne mai ita, ba tare da an ce "mai kuɗi" ko "basarake" ba. 'Yan uwanmu na Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo, da na tsallaken iyaka a Segbana, ku muke fara jira, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala kafin Juma'a. Allah Ya ƙara basira.