Kada a jira sai tub ya leƙo

Mutanenmu na yankin Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna da wata ɗabi'a game da keke da ta daɗe tana damuna. Mutum zai sauya sirdi, ya sa ƙararrawa, ya naɗe kan keke da roba mai launi, amma taya sai ta kai inda tub ke leƙowa ta gefe kafin ya yarda ta ƙare. Wani ko a nan ba ya yarda. Sai ya yanko tsohon tub ya ɗaure wurin tamau har da rim, ko ya kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke masa da zare. Ka ji keken na tafe yana ɗingishi, duk juyi ɗaya sai ya yi tsalle. Wai tattali ke nan. Ni a wurina asara ce da ake biya kaɗan-kaɗan don kada a ji zafinta.

Maganar ta wuce ta ƴan wasan keke. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ɗin kwalba na bakin hanya ya yi tsada, sannan aka rufe iyakarmu da ita bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yulin shekarar, mutane da dama da na sani suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keke. Da shi yaro ke zuwa kwaleji a Gazawa daga ƙauyukan Gangara, da shi ake kai tiyoyin aya kasuwar Cadawa, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, da shi manomin Cadakori ke kaiwa gonarsa ta nesa kafin rana ta yi zafi. Ranar da taya ta ci amanarka a tsakiyar hanya, kasuwa ta watse ba ka je ba, ko an rufe ƙofar aji. Kuɗin faci ɗaya ba ya ciwo, shi ya sa ba wanda ke lissafa shi. A tara na wata biyu ko uku, a haɗa da tub ɗin da aka liƙe har babu sauran wurin liƙi aka jefar, sannan a je a tambayi kuɗin sabuwar taya.

Akwai wani mai faci a bakin kwalta a Agye da nake zama wurinsa in na fito. Kwanakin baya wani dattijo ya turo keke, tayar baya ta sace. Yaron mai facin ya zare tub, ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa, iska na ɓulɓulowa wuri biyu. Bai ɗauki sholisho ba tukuna. Tayar ya ciro gaba ɗaya, ya juya cikinta waje, ya bi ta da ɗan yatsa a hankali har ya tsinci kan ƙaya da ya karye a ciki, ya zare shi da tsinke. Sannan ya ɗaga ta sama ya kara da rana, haske na ratsowa ta tsakiya. Ya matse gefenta tsakanin yatsu biyu, tsaga ta buɗe baki, farin zare ya bayyana.

"Baba, ko na liƙe maka, wannan ba za ta kai ka Ɗan Saga ba."

"Ɗana, liƙe dai. Allah na nan."

Ya liƙe, don ba a musu da babba, kuma kuɗin faci abincinsa ne. Amma abin da ya yi da hannunsa cikin minti biyu shi ne duk binciken da taya ke bukata, kuma kowa na iya yin sa a tsakar gidansa.

A Turai mai keke zanen taya yake dubawa, in ya suɗe ya sauya. Wannan ma'auni bai ishe mu ba, domin a nan rana ta fi hanya cin taya. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, keke kuwa a jingine yake a fili tun safe har la'asar. Roba ta bushe, ta yi tauri, gefe ya tsattsage alhali haƙoran tsakiya suna nan kamar ba a hau ba. Ƴar tsaga ta sama-sama ba ta hana tafiya. Amma da zarar ka matsa ka ga zare, ko ka ga zaren ya fara tsinkewa yana fitowa kamar gashi, kwananta ya ƙare. Haka in wayar bakin taya, wadda ke riƙe ta a rim, ta fito fili ko ta yi tsatsa. Mafi haɗari duka shi ne kumburi. Tayar da ta yi ƙari a gefe zarenta ya riga ya yanke daga ciki, tub ne kawai ke turo roba, kuma ba ta sallama kafin ta fashe. Wanda ke bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da irin wannan taya, manyan motoci na wucewa ta kafaɗarsa, da ransa yake caca.

Yawan faci ma alama ce, sai dai a san karanta ta. In kullum wuri ɗaya tub ke hujewa, ƙaya ce ta maƙale a jikin taya, ko kan wayar ƙafa ne ke sukar tub saboda robar da ke shimfiɗe cikin rim ta yage, kuma sabuwar taya ba za ta warkar da na biyun ba. In huji biyu ne gefe da gefe kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, rim ya datse tub a kan dutse ko bakin rami. In kuwa yau nan, gobe can, jibi wani wuri dabam, to naman taya ne ya ƙare, abin da a da take murƙushewa ta wuce yanzu yana ratsa ta.

Ƙaya kuwa ba za ta ragu ba, kuma ba na fata ta ragu. Sassaben zamani da manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu suka yi suna a kansa ya dawo mana da gawo da aduwa da magarya cikin gonaki, alhamdu lillahi, kuma dukansu masu ƙaya ne. Bayan girbi ana jan rassan ƙaya a kan turba don yin shinge, tsidau ya bushe ya baje a gefen hanya yana jiran wanda zai taka. Taya mai kauri ce kaɗai ke shiga wannan daji ta fito lafiya.

Wurin sayen sabuwa kuma nan aka fi yi mana sakiyar da ba ruwa, wani lokaci ba da gangan ba. Mutum ya shiga shago ya ce a ba shi lamba 26, aka miƙo masa, ya koma gida ya yi ta fama da cokali da sukundireba, ta ƙi hawa, ko ta hau tana lilo. Lamba 26 ba iri ɗaya ba ce. Keken giya mai ƙatuwar taya, wanda ake ce wa VTT, in an rubuta masa 26 x 1.95 ko 26 x 2.10, faɗin rim ɗinsa a inda bakin taya ke zama milimita 559 ne. Kekunan gwanjo masu kwando a gaba irin na Japan, da yawansu 26 x 1⅜ ne, nasu 590. Tazarar milimita 31 ke nan, ba ƙarfin hannun da zai cike ta. Haka 28: tsohon baƙin keke irin Raleigh da Phoenix da Hero, mai birkin ƙarfe, 28 x 1½ ne, wato 635, amma akwai wata 28 ɗin da ake kira 700, ita 622 ce. Sababbin kekunan giya sun ƙara rikita lissafi da 27.5, wadda take 584, da 29, wadda ita ma 622 ce. Maganin duk wannan yana rubuce a gefen tsohuwar tayarka: lamba biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 50-559 ko 40-635. Ta farko kaurin taya ce a milimita, ta biyu girman rim. Ta biyun dole ta zo daidai, ta farkon kana da ɗan zaɓi. Wanda ba ya karatu ya saɓa tsohuwar taya a kafaɗa ya je da ita shago, ya fi sauƙi ma.

Sai maganar haƙora, inda na fi saɓa wa samari. Ido na son taya mai manyan ƙuraje, ana ganin ita ce mai ƙarfi. An ƙirƙiri keken tsauni ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, don gangarowa daga kan dutse, kuma ya shiga kasuwa sosai bayan fitowar Stumpjumper na kamfanin Specialized a 1981. Waɗannan ƙuraje an yi su ne su kama taɓo da duwatsu. Daga Gazawa har Gidan Rumji wane dutse muke gangarowa? Ƙasarmu jigawa ce, sai geza nan da can, sai jar hanya, sai kwalta. A kan kwalta ƙurajen na kuka, suna jan ƙafa, suna cinyewa da wuri, kuma a tsakaninsu robar ba ta da kauri, nan ƙaya ke samun ƙofa. A cikin rairayi kuwa faɗi ne ke ɗauke mutum. Taya mai faɗi tana hawa kan yashi, siririya tana yanka shi ta nutse. Don haka wanda zai ji tawa ya nemi mafi faɗin da kekensa zai ɗauka ba ta goga ƙarfe ko madigadi ba, mai ƙananan zane a manne da juna, tsakiyarta a haɗe. Na yarda mutanen fadamar Gulbin Maraɗi wajen Tsibiri suna da hujjar neman haƙora da damina. Sauranmu ado ne kawai muke saye.

Kayan nan yawanci daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma akwai mai kyau, akwai ta banza. Kenda da CST kamfanonin Taiwan ne da suka yi suna, amma suna a jikin roba ba ya rantsuwa, hannunka ya fi shi gaskiya. Ka ɗaga biyu ka ji nauyi, ka matsa tsakiya ka ji nama, ka lanƙwasa gefe ka ga ko zai yi fari ko ya tsage. Wadda aka rataye a ƙofar shago tana shan rana wata da watanni ta tsufa ba a hau ta ba, ka ce a ɗauko maka ta ciki. Tayar gwanjo ma haka, zanenta na iya zama cikakke alhali ta shekara goma a ajiye.

In kuɗin ɗaya gare ka, wace ƙafa za a ba? Ta baya ta fi saurin cinyewa, don ita ke ɗauke da nauyi. Masana keke na waje suna cewa a sa sabuwa a gaba a mai da ta gaba baya, saboda fashewar gaba ce ke kayar da mutum. Ga yaro ɗan makaranta da ke gudu a kwalta na bi su. Ga wanda ke ɗora buhun hatsi ko jarka huɗu a kariya ban bi su ba, ya sa sabuwa a baya, da sharaɗin ta gaba ba ta da tsaga ko kumburi. Tsohuwar kuma kada a jefar. A yanke wayoyin bakinta, a shimfiɗa ta cikin sabuwar ta zama riga ta biyu. Keke zai ɗan yi nauyi, kuma sai an goge bakin yankan don kada ya ci tub, amma a ƙasar aduwa dabara ce mai biyan kanta. Tub mai faci goma kuma ba a mai da shi cikin sabuwar taya.

Abin da ya rage ba ya cin ko dala: iska daidai, ba dutse ba, ba lagwaɓ-lagwaɓ ba, a ɗan rage in hanyar yashi ce kuma ba kaya, a ƙara in za a yi lodi. A jingine keke a inuwa. A nisanta taya da fetur da baƙin mai, suna cin roba.

Ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da ƙaya ke bushewa a kan hanya. Iyaye, kafin a sayi littafi da alƙalami, a juya keken yaron nan ƙafafu sama, a matsa gefen tayoyinsa biyu a gani. In zare ya fito, a sa taya cikin lissafin kayan makaranta.