Kiran Bidiyo Ba Ya Ɗaga Tsoho Daga Gado

Aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Ingila aiki ne na kaɗaici. Ma'aikaciya kan fita da sassafe ita kaɗai, ta yi wa dattijo wanka a gida na farko, ta ba shi magani, ta wuce gida na biyu, haka har dare, wani lokaci ba tare da ta ga abokiyar aiki ko ɗaya ba. 'Yan Nijeriya na cikin baƙin da suka fi yawa a wannan aiki tun da Birtaniya ta buɗe masa ƙofar biza a Fabrairun 2022, ƙofar da ta rufe wa masu zuwa daga waje a Yulin 2025.

Maganin da ake tallata wa wannan kaɗaici shi ne kiran bidiyo: a yi taron ma'aikata a Zoom ko Teams, shugaba ya duba aiki ta waya. Abin yana da ranarsa. Ma'aikaciyar da ta ga fatar ƙugun tsohuwa ta yi ja, alamar gyambon kwanciya, gara ta nuna wa ma'aikaciyar jinya nan take da ta jira jibi. Ɓarnar tana farawa ne sa'ad da kiran ya maye gurbin zuwa.

Abin da ake koya wa sabuwar ma'aikaciya aikin hannu ne: yadda za ta juya mai shanyewar ɓarin jiki ba tare da ta ji masa ciwo ko ta lalata bayanta ba, da yadda ake ɗaura ɗamarar na'urar ɗaga mutum. Wanda ke kallo daga ofis ba zai gyara mata riƙo ba. Ba ya jin warin da ke nuna an kwana ba a sauya shimfiɗa ba, ba ya jin sanyin ɗakin da aka kashe ɗumamarsa saboda tsadar wuta. Iyakar ganinsa inda aka nuna wayar, kuma wadda ake dubawa ce ke riƙe da ita.

Sai batun lokaci. Tun 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta ce ziyara kada ta gaza minti 30 sai bisa wasu sharuɗɗa. Doka kuma ta lissafa tafiya daga wannan gida zuwa wancan cikin lokacin aiki wajen auna mafi ƙarancin albashi. To, ina kiran zai shiga? In a cikin ziyara ne, daga rabon tsoho aka yanka. In a mota ne ko bayan an tashi, daga aljihun ma'aikaciya ya fito, galibi har da wayarta da datarta. Kamfani ya huta da kuɗin mai da na ɗakin taro, sannan ya kira wannan ci gaba.

Akwai kuma mai gidan, wanda ake yawan mantawa da shi. Ɗakin kwanansa ne ake haskawa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kula da su na fama da cutar mantuwa, kuma dokar Ingila ta 2005 kan ikon yanke shawara ta ɗauki kowa a matsayin mai iya yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka. Ke nan sai an tambaye shi. Shirunsa ba izini ba ne.

Me ya sa ma'aikatan ba su cika ƙorafi ba? Bizar baƙo a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa; in ya rasa aikin, kwana 60 ne a gabansa ya sami wani ko ya tattara. Mai irin wannan igiya a wuya ba ya ɗaga murya a taron da ake iya naɗa.

Masu cewa ba yadda za a yi su dubi Buurtzorg, wadda Jos de Blok ya kafa a Holan a 2006. Ma'aikatan jinyarta ma gida-gida suke bi, suna kuma da dandalinsu na intanet. Amma an raba su rukuni-rukuni da ba sa wuce mutum 12, kowanne da unguwarsa, kuma suna zama tare su raba aiki, su tattauna halin marasa lafiyarsu ido da ido.