Laƙabin umarni: sabo turken wawa

Duk ma'aikacin da ke kula da kwamfutar ofis, ko ta kantin babban ɗan kasuwa, in dai da Linux take aiki, ya san baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai da hannu. Manhajar da ke karɓar umarnin ta isar wa na'ura ana ce mata shel, tamkar tafinta ce tsakanin mutum da inji. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Bash, da Brian Fox ya fitar a shekarar 1989.

Da yake wasu umarnai suna da tsawo, ga shi ana maimaita su kullum, sai aka samo dabarar raɗa musu laƙabi. Bill Joy ne ya saka ta cikin shel ɗinsa mai suna csh a ƙarshen shekarun 1970, lokacin yana ɗalibi a jami'ar Berkeley ta Amurka. A Bash, wanda ya rubuta alias ll='ls -l' ya raɗa laƙabi ke nan: daga nan duk sadda ya buga ll, sai jerin fayiloli ya fito da girmansu da ranarsu. Sharaɗi shi ne kada a bar fili kafin alamar = ko bayanta.

Amma fa laƙabin da aka raɗa haka, da an rufe allon ya tafi. Mai son ya dawwama sai ya rubuta shi cikin fayil ɗin .bashrc, sannan ya buga source ~/.bashrc don ya fara aiki nan take. A Ubuntu ana iya tara su waje guda, cikin .bash_aliases. Kalmar alias ita kaɗai tana jero dukkan laƙubban da ke akwai, type ll yana faɗin abin da ll ke nufi, unalias ll kuwa yana soke shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen umarnin rm, mai goge fayil. Abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara. Saboda haka mutane da yawa kan rubuta alias rm='rm -i', don na'ura ta riƙa tambaya kafin ta goge kowane fayil. Dabarar tana da kyau a ido, sai dai hannu yana sabawa. Ran da mutum ya zauna gaban wata na'ura da ba ta da wannan laƙabi, ya buga rm * yana jiran tambaya, sai ya tarar lissafin bashi ko jerin albashin da ke wurin ya salwanta. Laƙabi a gida aka san shi, baƙo bai san da shi ba.

Maganin abin shi ne kada a ba laƙabi sunan umarnin asali. Wanda ya rubuta alias goge='rm -i' ya tsira, don in ya buga goge a na'urar da ba tasa ba, iyakacinta ta ce ba ta san wannan umarni ba.

Haka kuma ya kamata a rubuta gajeren bayani a saman kowane laƙabi, bayan alamar #, a riƙa soke waɗanda aka daina amfani da su. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki kuwa, wajibi ne ya miƙa wa magajinsa jerin laƙubban tare da makullin ofis, kada ƴar gajeriyar hanyar da ya buɗe wa kansa ta jawo wa wani asara.